Roƙon Kwana Sha Huɗu a Birnin Kebbi

Mun tashi da asuba daga Zuru, ni da Baba, cikin wata tsohuwar Fijo da sai an tura take tashi. Birnin Kebbi muka nufa, mu roƙi Babbar Kotu ta ƙara mana lokacin ɗaukaka ƙara. Gonarmu ta gindin dutse aka yanke wa maƙwabci a ƙaramar kotu, ita ce kuma ke ciyar da gidanmu.

Yadda muka makara abin dariya ne, in ba a gidanku ya faru ba. Ranar hukunci Baba, tsohon soja, ya miƙe ya ƙame, ya ce wa alƙali bai yarda ba, zai je gaba. A bariki in ka faɗa wa na gaba da kai, magana ta tafi ke nan. Ya koma gida yana jiran sammaci, bai san takarda ake shigarwa cikin kwana talatin ba. Sai da muka ga garmar maƙwabci a gonar, wata na huɗu, muka nemi lauya.

Daga Mahuta zuwa Koko ramuka suka kusa zazzage mana hanji. A Koko muka karya da ƙosai, uku naira goma, ko bakin yaro ba zai cika ba. Wani fasinja da ya ji labarinmu ya ce, "Baba, ka ce wa kotu ciwo ka yi mana." Baba ko kallonsa bai yi ba. A Jega kuwa Kabancin 'yan kamasho sai na kasa kunne nake tsinta.

A kotu alƙali ya karanta takardar rantsuwarmu, ya ɗago kai.

"Baba, wata huɗu kana ina?"

"Ranka ya daɗe, ina gida ina jiranku. Ban sani ba ne."

Tunda nake ban taɓa jin Baba ya ce bai sani ba. Ya ba ni tausayi ƙwarai. Lauyan maƙwabci ya ce rashin sani ba hujja ba ne, amma alƙali ya ga ƙorafinmu kan iyakar gonar ya cancanci a saurara. Ya ba mu kwana sha huɗu mu shigar da takardar ɗaukaka ƙara.

Mun shigo Zuru gab da magariba. Gona ba ta dawo ba tukuna, dawar maƙwabci har ta kai gwiwa. Na dai koyi cewa kotu ba ta jin baki sai takarda, kuma gaskiya ko ta makara tana iya samun kujera. A ƙofar gida Baba ya tsayar da ni.

"Gobe da sassafe ki shirya mu kai takardar. Kwana ɗaya za mu ci a ciki, sha ukun mu mayar musu da abinsu."