Wadda Ta Yi wa Inna Wankan Jego

Duk sanda tururin ruwan zafi ya rufe madubin ɗan ɗakina na ɗalibai a Villeurbanne da ke gefen Lyon, sai in ganni a Stains, unguwar da na tashi a ƙasar Turawa, ina 'yar shekara takwas, a damunar da Inna ta haifi ƙanena.

Ka san haihuwa a baƙon wuri. Ba kaka, ba goggo, ba mai ɗora tukunya. Inna ta dawo daga asibiti tana kuka a ɓoye, don a wajenta jegon da ba wanka rabin mutuwa ne.

A hawa na tara na benenmu akwai mata uku 'yan mishan, masu cika wa mutane takardu da raka marasa lafiya. Masor muke ce musu. Babbarsu Bafaranshiya ce, ta tsufa a wani ƙauye kusa da Maraɗi, Hausarta har da karin magana. Ita ta ƙwanƙwasa mana ƙofa, bokiti a hannu, da busasshen ganyen bedi, wato darbejiya, da ta samo a unguwar Belleville.

"Mai jego, tashi. Ba a gabana za ki lalace ba."

Safe da yamma take saukowa. Ina jin ƙarar ganye a bayan Inna, Inna na ihu, ita tana dariya tana cewa, "Raguwa!" Ta dama kunun kanwa, ta gasa mata ciki. Hannuwanta suka yi ja kamar gauta.

Ranar suna Masor ta sa wankakken lulluɓinta tun da hantsi. Ta saya wa jariri 'yar riga. Amma Baba ya gayyato alhazai abokan kasuwancinsa, yana tsoron a kai labari gida cewa mai gicciye ce uwar jegon matarsa. Bai iya hawa da kansa ba. Ni ya aika.

Na hau, na faɗa yadda aka faɗa mini: "Baba ya ce yau taron dangi ne."

Ta tsaya a bakin ƙofa cikin wankakken lulluɓinta. Sannan ta miƙo rigar. "To, ɗiyata. Allah ya raya."

Washegari ta sauko da bokitinta. Ta cika arba'in ɗin cif, ba ta ɗaga maganar ba ko sau ɗaya. Mu ma muka yi shiru, muka kira shirun kunya.

Da ƙarfinta ya ƙare aka kai ta gidan tsofaffinsu a Lyon. Shekara biyu ina karatu a garin, jirgin taram ɗaya da bas ɗaya ne tsakaninmu, ina cewa sai an gama jarrabawa. Da na je bara, na durƙusa, na ce Masor ki yafe mana ranar suna.

Ta shafa kaina, idonta na wani wuri. "Ɗiyar wa ce ke? An haihu ne a gidanku?"

Ba ta san ni ba. Ranar sunan nan da na zo neman gafara dominta ta riga ta goge daga kanta.

Yanzu Baba ya yi laushi. Yana ba baƙi labarin Baturiyar da ta yi wa iyalinsa jego, har da alfahari. Matan unguwarmu sun yi yawa, masu wanka ba sa wuya, hawa na tara kuma wasu ne a ciki. Ƙanena ya fi ni tsawo, bai san fuskarta ba. Ni kaɗai na ga yadda ta tsaya a bakin ƙofa cikin kwalliyarta, kuma babu sauran wanda zai sauke mini wannan nauyin.