Sunayen da Ke Bayan Murfi

"Baffa Qu, labarinka zan rubuta, duniya ta karanta!"

"Rubuta na magudanar ruwa, 'yar nan, ta fi ni shekaru. Matsa, kin taka min ƙugiya."

Ka ji halin Qu Fengshan ke nan, har yakan sa ni kuka don haushi. Shekara talatin da huɗu yana fita da sassafe, da turararren burodi a aljihu, yana ɗaga murafen ƙarfe na magudanan ruwa a titunan garinmu Dalian da ƙugiyarsa, yana yashe laka. Juma'ar nan zai yi ritaya, ba wanda ya ce masa ko sannu.

Tsofaffin murafen duk mun san su, masu tambarin kamfanin jirgin ƙasan Japanawa, wanda ya shimfiɗa dogo a ƙasarmu lokacin mamaya, ya gina rabin garin nan da gumin kakanninmu. Mu tambarin kawai muke takawa. Baffa kaɗai ke kifa murfi, shi kaɗai ya ga bayansa. Ashe maƙeranmu, waɗanda kamfanin ke kira da lamba, sun riƙa zana sunayensu a yashin zubi kafin a zuba narkakken ƙarfe, sai sunan ya fito a bayan murfin.

Ni da na karance rabin laburaren garin nan, ban taɓa cin karo da sunan ɗayansu ba!

Baffa, kai ne ka shafa tawada a bayan murafen, ka danna takarda, ka kwafo suna ɗari da tara. Kai aka kira ɗan koren Japanawa don ka ƙi yarda a narkar da murafen. A gabana Goggo Tan mai sayar da kaguwa ta durƙusa a tsakiyar titi, motoci na ta hon, tana shafa sunan mahaifinta. Ka ce mata, "Yaya, yi sauri, wari na fitowa." Amma ka riƙe murfin har ta gama.

Na gode, mai ɗaga abin da kowa ke takawa. Ku kuma da ke karanta wannan, don Allah ku riƙa leƙa bayan abu.

Yanzu an narkar da su duka, sai guda ɗaya da gidan tarihi ya karɓa, na mahaifin Goggo Tan. Jiya muka je gani. Sun goge shi fes, sun haska masa fitila, tambarin kamfani a sama, sunan mutumin yana kallon ƙasa! Na fara yi wa ma'aikaciyar wajen lacca. Ta ce in cike takardar koke.

"Bar ta, 'yar nan, kin cika surutu," in ji Baffa. Ya juya gare ta. "Ƙarfe nawa kuke buɗewa gobe?"

"Tara."

"To, ki gaya wa shugabanku, ƙarfe tara zan zo da ƙugiyata. Zan kifa murfin."