Baƙon Kalilu Mai Zobe

Ƙudajen da suka sauka kan kifin Tersugh masunci ba su sake tashi ba. Matan da suka zo sari daga Lafiya suna ta ciniki a bakin dam, ba wadda ta kula. Kalilu ne ya gani.

Kalilu mai gadin famfon dam ne, can bayan Kwandere. A da acaɓa yake yi a Bukan Sidi, har wata tifa ta karya masa ƙugu, matarsa ta koma garinsu, aka samo masa wannan aiki na zama. Zaman ne ya koya masa kallon tsuntsaye. Ya sayi tabarau mai hangen nesa a gwanjo, ido ɗaya fasasshe, da ɗayan yake kallo. Duk kaka, in ruwa ya ɗauke, baƙin tsuntsaye kan sauko daga arewa, a cikinsu akwai wani shaho mai farin ciki da shuɗin zobe a ƙafa, wanda ba ya cin komai sai kifi. Kan busasshen icen da ke gaban ɗakin famfo yake sauka. Shekara da shekaru Kalilu bai taɓa ko tari da ƙarfi kusa da shi ba, har tsuntsun ya saba, yana fiɗar kifinsa Kalilu na alwala a gindin icen. Jiya shahon ya iso.

Kalilu ya ɗingisa wajen masuncin.

"Tersugh, me ka zuba a ruwan nan?"

"Baba Kalilu, ina kwana tukuna. Na ji amaryanka ya dawo daga Turai. Ya kawo maka tsaraba?"

"Maganin ƙwari ne ko?"

Tersugh ya daina dariya. "Kaɗan ne, can gefen ciyawa. Raga ba ya kama komai bana. Yara na gida, Baba, me zan yi?"

"Mutane za su ci wannan fa."

"In an cire hanji, no wahala."

Kalilu ya gaya wa matan. Biyu suka mayar da kifin, sauran suka ɗaure buhunansu suka hau keke.

Da ya waiwaya, kifaye sun taso gefen ciyawa, ciki sama, suna ɗan motsi. Shahon kuwa yana kan icensa ya karkata kai yana dubansu.

Kalilu ya ɗauko tsohuwar jarka da sanda, ya shiga dukanta yana ihu. Balbelu suka watse, agwagin ruwa suka tashi. Shahon ya dube shi kawai. Ya san wannan mutumin, bai taɓa ganin cuta daga gare shi ba. Kalilu ya jefi icen da dutse, dutsen bai kai ko rabi ba. Tsuntsun ya buɗe fukafukai, ya zame kan ruwa, ya ɗago kifi ba wahala, ya dawo reshensa ya fara ci.

Kafin azahar ya faɗo. Kalilu ya same shi cikin ciyawa, ƙafafu a dunƙule, idon rawaya a buɗe. Ya haƙa rami bayan ɗakin famfo ya binne shi da zobensa, don kada wani ya kai shi tukunya.

Sannan ya wanke hannu da sabulu, ya je ya buɗe wa masu lambu ruwan la'asar.