Hamisu Ba Mahaukaci Ba Ne

Shekara talatin ke nan da muka binne yayana Hamisu a Madarumfa, amma har gobe in za a kwatanta gidanmu, sai a ce gidan su mahaukaci.

Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa ya faɗo daga saman kamyo, babbar mota mai lodin wake, a hanyar Jibiya. Kansa ya daki dutse. Ya daɗe kwance a asibiti a Maradi, ya dawo ba baki, hannun dama a sake. Likita ya ce wa Innarmu a yi ta yi masa magana, a ba shi lokaci. Kawu Mamman, wan mahaifinmu marigayi, ya ce, "Ƙwaryar da ta fashe, ko an ɗinke ba ta riƙe fura." Kafin kaka, garkar Hamisu ta bakin tafki ta koma hannun 'ya'yan Kawu, matarsa kuma an sa ta koma gidansu.

Shi kuwa yana dawowa sannu a hankali. Ya fara cewa "Inna". Ya koyi kai loma baki. Wata safiya ya ja ƙafa har bakin tafki, ya tarar 'ya'yan Kawu suna cire albasa a garkarsa. Ya ce, "Tawa ce." Suka yi dariya, suna kwaikwayon karkataccen bakinsa. Ya ɗaga sanda ya maka wa ɗaya.

Abin nema ya samu. Kawu ya tara dattawa, aka ce iskoki ne. Inna ta durƙusa ta ce, "Yaya Mamman, sauƙi yake samu." Ya ce mata sha'anin maza ne. Aka kai Hamisu wajen wani mai magani a ƙauyukan Gabi, aka sa masa mari a ƙafa, ana turara shi, ana bulala. Kalmomin da ya sha wuya ya tattaro suka zube ɗaya bayan ɗaya. Damina ba ta ƙare ba aka dawo mana da gawa.

Kwanan baya na ji likitoci a rediyo suna cewa ƙwaƙwalwa ba busasshen itace ba ce, tana iya tsirar da sababbin ƙwayoyi, sashe mai lafiya ya karɓi aikin wanda ya lalace. Har fushin nan, wai daga raunin yake. Da Hamisu ya ji, na san tsaki zai yi. Ihu bayan hari.

Kawu ya tsufa cikin mutunci, ya je Makka, ya cika a kan katifarsa. Hamisu bai bar gona ko hoto ba, sai 'ya guda, Rabi, wadda ke goye lokacin. Bara, ranar sunan ɗanta, ta ja ni gefe ta ce, "Gwaggo, babana ya san ni kuwa?"

Na faɗa mata gaskiya. Zuwana na ƙarshe wajen mai maganin, ƙafafunsa sun ruɓe cikin ƙarfe, ni kaina bai gane ni ba. Kalma ɗaya ta rage a bakinsa, ita yake ta nanatawa: Rabi.