Ranar da Ashiru Ya Janye Kekensa

Masu bin titin Gyadi-Gyadi zuwa Tarauni sun san Ashiru ko ba su san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai tura kurar ruwa, wanda ke bin kowace adaidaita sahu da kallo kamar zai gaishe ta. Da can direba ne.

Daga wani ƙauye a Sumaila ya zo, ya sauka wajen kawunsa a Ƙauyen Alu. Ya yi dako, ya yi gadi, kafin Alhaji Mu'azu mai kekunan adaidaita ya yarda ya ba shi ɗaya. Ranar da Alhaji ya miƙa masa makulli, sharaɗi guda ya gindaya masa: "In aka buge ka, kada ka motsa keken sai jami'an hanya sun zo sun auna. Wanda ya fara janye abin hawansa, shi ya amsa laifi." Haka direbobin tasha suka yi ta nanata masa, sai ka ce karatu.

Wata Laraba da hantsi ya ɗauko Inna Kulu, tsohuwa mai daddawa daga Darmanawa. Wata farar mota ta fito daga layi ba ta tsaya ba, ta daki gefen keken. Keken bai kife ba, injin ma bai mutu ba, amma kan Inna ya bugi ƙarfe, jini ya ɓalle.

Mai motar ya fito, bai ko kalle ta ba, ya tsuguna gaban motarsa. "Kai makaho ne? Dubi fitilata!"

Nan da nan masu keke suka taru. Baba Zakariyya, shugaban tasha, ya dafa Ashiru. "Gaskiyarka ce, kowa ya gani. Kada ka taɓa keken nan."

"Baba, jini take zubarwa."

"An kira su, suna hanya."

"Su wa? Masu awo ko masu ɗinki?"

Ashiru ya roƙi abokan sana'arsa ɗaya bayan ɗaya su kai ta asibiti. Kowa ya kau da kai. Wani ya ce, "In ta cika a kekena, wa zai fitar da ni?" Samari sun ɗaga wayoyi suna ɗaukar hoton tsohuwa kwance cikin daddawarta. Asibiti ga shi nan kusa, ana hango katangarsa, amma garada sun kewaye ƙarfe biyu suna gadin inda taya ta tsaya!

Wata malamar makaranta, Patience, ta kutso ta cire ɗankwalinta ta danne raunin. "Malam, za ka ja ko sai ta mutu a hannuna?"

Ashiru ya san abin da zai biyo baya. Ya hau, ya ja.

Da ya dawo, farar motar na nan inda take, mai ita na zaune a inuwa yana shan ruwan leda. Waɗanda suka ce sun gani duk sun watse. Masu awo suka ce tunda keke ya bar wurin, babu abin aunawa, laifin mai keke ne.

Alhaji Mu'azu ya tare shi a ƙofar gida. "Me na gaya maka?"

"Alhaji, da ta mutu fa?"

"Da kwananta ne ya ƙare. Kawo makullin."

Labari ya zaga masu kekunan Tarauni: ga wanda ba ya jin magana. Ba wanda ya ƙara ba shi keke. Direbobin da suka ƙi ɗaukar tsohuwar kuwa suna nan suna lodi, har suna ba sababbin shiga misali da shi.

Ashiru bai taɓa cewa ya yi nadama ba. In aka tayar da zancen sai jijiyar wuyansa ta tashi, ya ce, "A fara ɗaukar mutum, sannan a ɗauki hoton mota, a matsa gefe a yi gardamar. Wannan ma sai an koya wa mai salla?"

Inna Kulu ta warke, sai tabo a goshi. Kullum shi ke kai mata ruwa har Darmanawa. Da ta ji ƙarar kurar sai ta ɗaga murya, "Direbana ya iso!" Matan gidan su yi dariya. Shi dai ba ya yi. Ya juye jarkokin a randa, ya gaishe ta, ya koma titi.