Shuɗin da Baba Ke Farauta

Babanmu mai gyaran rediyo ne, amma tun da ya ajiye aiki ya tare a saman bene da madubin hangen taurari da wata tsohuwar kyamara. Maƙwabta har Mai Gadin Sama suke ce masa. Abin da yake farauta wani gajimaren ƙura ne can cikin taurari, ba shi da hasken kansa sai wanda ya aro daga tauraron da ke gefensa. Ido ba ya ganinsa. Sai an ɗauki hoto ɗaruruwa an jibga su kan juna a kwamfuta, sannan ya ɗan leƙo, shuɗi-shuɗi.

Shekara uku abin nan yana gasa masa aya a hannu. Yau hadari, gobe farin wata, jibi wani ya kunna fitilar tsakar gida. Baba ya sauko yana huci, Mama ta ce, "Malam, ƙura fa! Ga ta nan bayan kabad, kyauta." Ga idonsa kullum ƙara dushewa yake, likita kuma ya ce ba mai dawowa ba ne.

Bana dai ya dace. Ya goge ɗaruruwan hotunan saboda wuri ya ƙare a kwamfutarsa, ya miƙo min guda ɗayan da ya haɗa a filashi. "'Yata, ki wanko min babba. A allon nan ba na gani sosai."

Ni a shagon hoto nake aiki, goge ƙuraje da tabo a fuskokin mutane, har hannuna ya fi kaina sauri. Kuma, abin kunya, ban taɓa hawa benen nan na duba ba. A ranar nan, masu hoton fasfo sun cika shago. Na buɗe hoton Baba, na ga baƙi da ɗige-ɗige, ga wani dishi-dishi a tsakiya kamar an dangwala yatsa mai maiƙo. Na share shi tas, na ajiye a kan na asalin, ya maye gurbinsa. Sai da takarda ta fito na gane shuɗin Baba ne na share. Taurarin nan kuwa lokacinsu ya wuce, sai baɗi.

Baba ya kai hoton dab da hancinsa, ya daɗe yana dubawa. Can ya ɗora yatsa a inda ba komai sai baƙi wuluk.

"Ga shi nan, kamar ina ganinsa. Faɗa min gaskiya, shuɗin ya fito?"

Haushin kaina ya kama ni. Yana tsaye yana jira.

Na ce, "Ya fito, Baba."