Kugen Mama Uloaku

Kafin masu tatsar bammi su sauko daga kan kwakwa, Mama Uloaku ta riga ta buɗe gidan tarihin garinmu. Ta share tsakar gida, ta goge gilashin da aka adana tsohon kuge a ciki, ta leƙa ramin ƙarƙashin madafa, inda 'yan unguwa ke ɓuya a zamanin yaƙi in jirgin yaƙi ya taso. Watan nan za ta ajiye aiki, ni kuwa ba zan bari ta tafi shiru ba.

Faɗanta kowa ya san shi. Taɓa gilashin nan ka ga tsiya. Amma masu ziyarar wata Asabar a daminar bara sun ga wata Uloaku daban.

Wani dattijo, Dee Ihemtuge, ya zo da ɗansa Obioha da 'yar jikarsa, ɗiyar Obioha. Yana yaro a ramin nan yake ɓuya. Suna tsaye a bakinsa sai jirgin fasinja ya wuce ƙasa-ƙasa. Kafin kowa ya ankara tsohon ya suri yarinyar, ya faɗa ciki, ya ja murfi, ya danna sakata. Kafar iskar ramin kuwa tuni aka toshe ta saboda ruwan sama.

Yarinya tana ta ihu. Obioha ya rarumi taɓarya ya hau dukan murfin.

"Papa, buɗe! An gama yaƙi tun ba a haife ni ba!"

"Ajiye taɓaryar nan, ɗana," in ji Mama. "Kai kana duka, shi bam yake ji."

"To ido zan zuba 'yata ta mutu, Mama?"

Kukan yarinya ya fara yin ƙasa. Mama ta laluba ƙugunta, ashe makullin gilashin yana can ofis. Ta naɗe hannu da gefen zani, ta kai wa gilashin duka, ya fashe, ta ciro kugen. Lokacin yaƙi ba mai fitowa daga rami sai an buga kugen nan alamar jirgi ya wuce, kuma uwarta ce mai bugawa. Ta tsaya kusa da murfin, jini na bin hannunta, ta buga a hankali yadda ta saba ji tana yarinya.

Can sai ƙarar sakata.

Dee ya fito rungume da jikarsa, tana tari amma da ranta. Ya dubi Mama, ya kira ta Nne, wato uwa.

"Nne, kowa ya tsira?"

"Kowa, Dee. Yau ba a rasa kowa ba."

Tsohon ya durƙushe ya fashe da kuka.

Uloaku mafaɗaciya, ke ce kika san cewa yaƙin da muke nuna wa baƙi a bayan gilashi har yanzu bai ƙare a jikin wasu ba. Mun gode, Allah ya saka. Kai kuma mai karɓar makullanta, gogar gilashi kowa ya iya. Kafin ta tafi, ka zauna ta koya maka bugun kugen nan, don akwai sauran waɗanda ba su fito daga rami ba.